Wa Ya Tambayi Juwairiyya Abin da Za Ta Karanta?

Sabon Gari, Wudil,
Jihar Kano.
Ranar Alhamis.

Zuwa ga Baffa Yahuza, a Legas.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Baffa, tun da aka fara maganar karatun ƙanwata Juwairiyya, ka taɓa cewa a miƙa mata waya ka ji ta bakinta? Ita kanta nake nufi, ba Baba ba, ba Umma ba. Kuma in aka tsayar da kai yanzu aka ce me za ta karanta a makarantar da ka zaɓa mata, wane aiki kuma ake yi da shi, za ka iya faɗa? Na san ba haka ake buɗe wa babba wasiƙa ba. Na san idan Baba ya ji na sa tambaya a gaban gaisuwa, sai na yi kwanaki ina gaishe shi yana gyaɗa mini kai kawai. Amma tambayar ce ta zaunar da ni rubutu, kuma na san halina. In na fara da doguwar gaisuwa jikina zai yi sanyi, in ƙare ban faɗi abin da ya kawo ni ba.

To ga gaisuwar, kuma ba don cika al'ada nake yin ta ba. Ina gaishe ka gaisuwar ɗa ga uba. Yaya aiki, yaya Legas da ruwanta da ba ya ɗaukewa? Yaya ƙafar da uwargidanka Mama Hansai ta ce tana kumbura maka in ka daɗe a zaune? Allah ya ba ka lafiya, ya sa kaffara ce, ya ja kwana. Mu nan alhamdu lillahi. Baba ya gama yankan gero a gonar Dagumawa, saura dawa da wake, kuma waken bana ya yi kyau in ƙwari suka bar shi. Umma tana nan da ciwon bayanta, wata rana da sauƙi, wata rana sai a hankali. Gwaggo Indo ta warke daga aikin idon da aka yi mata, har ta koma tsintar tsakuwa a shinkafa ba tare da ta kira kowa ba. Kogi ya cika sosai bana, ya ci wa masu lambun bakin gada amfaninsu, amma bai shigo gari ba. Wannan takarda Malam Isyaku direba ne zai kawo maka, gobe Juma'a zai yi lodin shanu zuwa wajenku. Na zaɓi rubutu ne saboda duk lokacin da na kira ka, kafin in kai tsakiyar magana sai ka ce to madalla Garzali, ba ni babanka. Takarda kuwa ba za ka ce mata haka ba.

Bari in shimfiɗa maka yadda abin yake, don na lura kowa a dangi da irin labarin da ya riƙe. Juwairiyya ta nemi harhaɗa magunguna a tsohuwar jami'ar nan, wadda kowa in ya ji sunanta sai ya gyara zama. Makinta bai yi muni ba, amma masu nema sun fi gurbin yawa, ba ta samu ba. Sai suka ce za su ɗauke ta, amma ta karanta ilimin tsirrai. Maganar tana nan a shafinta na intanet, ana jiran ta danna ta karɓa ko ta ƙi. A ɗaya ɓangaren, jami'ar nan tamu ta Wudil, wadda nake hango ƙofarta daga shagona, makin nata ya ishe ta shiga sashen fasahar sarrafa abinci, in har ta canja makaranta kafin a rufe a ƙarshen watan nan. Idan ta karɓi na can, na nan ya wuce ta. Idan ta zauna ba ta taɓa komai ba, duka biyun su wuce ta, ta sake zaman gida har shekara ta zagayo. Kuma a yau da nake wannan rubutu ba ta taɓa komai ba. Tana zaune tana jiran a ce mata.

Muna tsakar gida ranar da ka kira Baba a kan maganar, wayar a buɗe take, kowa yana ji. Ka ce Mamanka, don haka kake kiranta tunda sunan mahaifiyarku ta ci, ba za ta yi karatu a jami'ar bakin kasuwar shanu ba alhali inda manyan ƙasar nan suka fito ya buɗe mata ƙofa. Ka ce ko sharar aji aka ba ta a can ta karɓa, suna ake saye. Ka ce in ta shiga, shekara ta biyu kana da wanda zai mayar da ita harhaɗa magunguna. Baba ya ce ai 'yarka ce, duk yadda ka yanke shi ke nan. Ka ce to an gama, ka kashe waya. Baffa, da ka ga fuskar ƙaninka bayan nan, da ba ka ce an gama ba. Ya daɗe yana juya wayar a hannu, sannan ya ce wa Umma, ba ni ya kalla ba, shi da son ransa ne yarinyar ta yi abin da ta ce tana so, ga shi kusa da gida, amma Yaya ya riga ya yi magana. Na ce to Baba ka gaya masa haka mana. Ya dube ni kamar na yi saɓo. Ya ce tun da mahaifinku ya rasu bai taɓa ɗora magana a kan taka ba, ba kuma a kan 'yar cikinsa zai fara ba, mutane su ce Labaran ya nuna wa wansa iyakarsa a kan 'ya. Da na ƙara buɗe baki ya ce in tashi in ba shi wuri. Na tashi.

Kalmar nan ta jami'ar bakin kasuwar shanu ta tsaya mini a wuya, ba zan ɓoye maka ba. A wannan kasuwar marigayi Malam, mahaifinku, ya yi dillanci, rana ta dake shi, shanu suka tattake masa ƙafa, har ya kai ka makarantar da ta fitar da kai daga garin nan. Yau warinta ne ya dame ka tun daga Legas? Amma bari in ajiye wannan, don ba shi ne ciwon ba. Na san inda maganarka ta samo asali, kuma ban ce ƙarya kake yi ba. Ka sha ba mu labari in ka zo salla, yadda ka yi shekaru a ofis da 'yar diflomarka, yara suna zuwa da kwalin waccan jami'a kana nuna musu inda ake ajiye fayil, kafin ka ankara sun zama su ke sa maka hannu a takardar hutu. Ka ce in sun haɗu a intabiyu da wanda ya yi makarantarsu, tun kafin a zauna an gama magana. Na yarda. Suna yana buɗe ƙofa, wanda ya ce ba ya buɗewa bai taɓa tsayawa a bakin ofis da ambulan a hannu ba. Abin da nake tambaya shi ne, waɗancan yaran da suka tsallake ka, me suka karanta? Ba kai ka ce mana akantoci ne da lauyoyi ba? Sunan makaranta ne kaɗai ya ɗaga su, ko kuwa sunan ne tare da abin da ofishin yake nema? Kai ka ji ciwon, Baffa, Allah ya sani, amma Juwairiyya kake so ta sha maganin, kuma ko rubutun jikin kwalbar ba ka tsaya ka karanta ba.

Maganar wanda zai mayar da ita harhaɗa magunguna a shekara ta biyu kuwa, haba Baffa! A dangin nan fa aka taɓa yin ta. Ka manta Lukman na Gwaggo Indo? Likita ya nema a waccan tsohuwar jami'ar dai, aka ba shi ilimin dabbobi, aka ce ya shiga za a canja masa. Kafin shekara ta zagayo, wanda zai canja ɗin shi ma an canja masa wurin aiki, wanda ya gaje shi ya ce sai mai makin da ya fi na kowa, in ma akwai gurbi. Ban ga laifinsu ba, ƙa'idarsu ce. Lukman ya gama, ya yi bautar ƙasa, ya zaga Kano da Abuja da kwalinsa har gefensa ya fara baƙi, yanzu yana bakin tasha da teburin POS a ƙarƙashin lema. Sana'a ce, ban raina ta ba, tana ciyar da shi da matarsa. Abokai suna tsokanarsa da Dakta, shi kuma ya ce musu a kawo kwaɗo ya yi masa tiyata kyauta. Amma da na je masa da maganar Juwairiyya bai yi dariya ba. Ya ce mini rashin aikin bai kai masa zafin shekarun da ya yi yana zama a ajin da bai so ba, yana hango masu farar riga suna wucewa ta taga. Ya ce akwai wani a ajinsu da ya shigo don son abin, yanzu yana koyarwa a can, har ƙasar waje ya je. Wato karatun ba shi da aibu ga mai son sa. Wanda aka tura ne yake fitowa da takarda bai san inda zai kai ta ba. Lukman ya ce in kana so ka kira shi, ka tambaye shi sau nawa aka yaba masa makarantar da ya yi, sannan aka ce masa amma ba irinku muke nema ba.

Na san abin da za ka ce in ka kawo nan: wa ya sa Garzali a maganar jami'a, shi da daga sakandare ya zarce shagon fotokwafi? Gaskiya ne, ban taka aji a can ba. Amma ba a hana ni karatu ba. Duk abin da ɗalibai suka kawo in buga ko in ɗinke musu, ina karantawa kafin su dawo, wanda na gane na gane, wanda ban gane ba in tambaya. Wannan bai mai da ni malami ba, shi ya sa ban tsaya a kan ra'ayina ba. Na sami Malama Tabita, wata lakcara a jami'ar nan tamu, 'yar Filato, da take kawo mini aiki, mace mai faɗa maka gaskiya ko ba ka so. Na zayyana mata komai, ina ta kumfar baki, ina jira ta ce kai ne da laifi. Ba ta ce ba. Ta ce babu kwas ɗin da yake zuwa da takardar ɗaukar aiki a aljihu, duk wanda ya yi mini wannan alkawari ya yaudare ni. Ta ce ita kanta tsohuwar jami'a ta yi, kuma sunan ya taimake ta, ba za ta musa ba. Amma ta ce 'yan sarrafa abinci ana tura su kamfani na wasu watanni tun suna ɗalibai, kuma masu casar shinkafa da masu man gyaɗa da masu madara suna neman wanda zai riƙa gwada musu kaya kafin ya fita kasuwa. Wasu daga nan ake riƙe su, wasu su fito su buɗe ɗan nasu, wasu kuma su rasa kamar kowa. Sannan ta dube ni ta saman tabarau ta ce ta ji abin da Baffa yake so, ta ji abin da Baba yake so, nawa kuwa ta ji har ya ishe ta, saura na mai karatun. Ta ce in kawo mata yarinyar, ni kuma in tsaya a waje.

Haka aka yi. Na kai ta, na tsaya a waje. Malamar ta haɗa ta da wata ɗaliba ta zaga da ita sashen sarrafa abincin, ta ga ɗakin gwajinsu, ta yi tambayoyinta. A hanyar gida ne ta buɗe baki. Ta ce ita dama ba kantin magani ne ya ja ta ga harhaɗa magunguna ba, gwaje-gwajen ne, a auna, a haɗa, a ga abin da ya fito, kuma ta ga irinsa a nan. Ta ce tun tana ƙarama take ganin Umma tana shanya tumatur a ƙasa in ya yi araha, rabi ya ruɓe, rabi ya cika da yashi, tana so ta san yadda ake yi ba haka ba. Ilimin tsirrai kuwa, ta ce ta duba abin da ake koyarwa a ciki, ba ta raina shi ba, amma ba ta ga kanta a wurin ba, kuma ba ta san me za ta ce wa mai ɗaukar aiki ta iya ba in ta gama. Wannan fa maganar yarinyar da ake cewa ba ta san komai ba ke nan. Na ce to mu wuce kafen intanet yanzu a canja. Ta tsaya cak a bakin titi, ta ce wallahi ba za ta taɓa ba sai Baba ya ce mata je ki. Ta ce in Baba ya ce ta tafi can, za ta tafi ta karanta ganyen, ba wanda zai ji bakinta. Kuma za ta yi, na san ta. Wannan ne yake hana ni sukuni, Baffa. Da mai taurin kai ce irina, da tuni an wuce wurin, ku yi faɗanku ku gaji. Ladabinta ne za a kama a ja ta inda ba ta so. Ita tana jiran Baba, Baba yana jiran ka, kai kuma ka ce an gama.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi ƙona mini rai. Ni yaro ne a gabanku, amma a gidan nan na tashi, na ga yadda manya suke yi wa juna kara. In uba ya ce wa wansa 'yarka ce, ba sallama masa ita ya yi ba. Girmamawa ce ya miƙa, kuma wanda aka miƙa wa ya san abin da ake yi da ita: ya karɓa, ya yi godiya, ya mayar. Ya ce to na ji, amma kai da kake tare da ita me ka gani, ita kuma me ta ce. Kai ma ka san haka, don an yi maka. Lokacin da Ikilima taka ta gama sakandare, ba ka kira Baba ka ce 'yarsa ce ya yanke ba? Ina wurin. Baba ya ce Allah ya yi mata albarka, a tambaye ta. Aka tambaye ta, ta ce aikin jinya take so, kuma inda aka samu wata ƙaramar makaranta ce da har yau in aka faɗi sunanta sai an ƙara da kwatance. Ba ka ce suna ake saye ba a lokacin. Ba ka ce ko shara aka ba ta a babbar jami'a ta karɓa ba. Ka kai ta, ta yi, ga ta nan tana aiki a asibiti tun ba ta huce gajiyar jarrabawa ba, Allah ya ƙara mata. To me ya canja? Baba ya mayar maka da taka, kai ka riƙe tasa. Ko dai zaman Legas ne ya sa ka tuna rabin al'adar da yake ba ka iko, ka manta rabin da yake sa ka mayar? Ko kuwa 'yar cikinka ce za ta ci abinci da karatunta, 'yar ƙaninka kuma ta ɗauko maka sunan da ka rasa? Na san wannan magana ta yi nauyi. Na daɗe ina kallonta da biro a hannu zan soke, sai na ga in na soke ta, sauran duk kewaye-kewaye ne.

Da tsakaninku a waya abin ya tsaya, da ban rubuta ba, da na bi ta wajen Umma mun lallaɓa Baba. Amma makon da ya wuce sai ka saki murya a guruf ɗin dangi na waya, ka ce a taya mu murna, Mamana ta samu babbar jami'a. Ka faɗi sunan makarantar har kana jan sa, ba ka faɗi abin da za ta karanta ba. Kowa kuwa ya san magani ta nema, sai kowa ya ƙarasa zancen da kansa. Aka yi ta barka, aka yi ta addu'a, na Kaduna da na Saudiyya duk sun yi magana. Gwaggo Indo ta taso tun daga Utai da ledar magungunanta na hawan jini, ta zazzage su a cinyar Juwairiyya, ta ce mai magani ta duba mata wanne ne na safe, tun yanzu ta fara da ita. Mahaifiyar Lukman ce fa wannan, wadda aka taɓa yi wa irin wannan albishir. Juwairiyya ta karanta mata abin da ke jikin kwalayen, ta yi murmushi, ta shige ɗaki. Umma ta ce ta same ta tana ninke kayan da ta riga ta ninke. Tun daga ranar Baba ya daina ko ɗaga maganar. Da can kunyarka yake ji, yanzu kuma mutuncinka yake karewa, don in yarinyar ta canja makaranta bayan ka sanar wa duniya, cewa za a yi Labaran ya kunyata wansa a gaban dangi. Ka ga ka ƙara masa ɗauri a kan ɗauri, kuma ina kyautata zaton ba ka san ka yi ba.

Shi ya sa kada ka ce za ka kira Baba ku yi magana ku biyu. Na san yadda za ta kaya. Za ka ce Labaran me ka gani, ya ce Yaya ai yadda ka ce, ka ce to shi ke nan na tambaya. Kada kuma ka kira Juwairiyya ka ce Mamana ko ba kya son inda na zaɓa miki, don ka san amsar da 'yar gidan nan za ta ba baffanta in ya tambaye ta haka. In faɗa za ka aiko mini ta hannun Malam Isyaku, ka aiko, na karɓa, amma faɗan ba zai hana a rufe shafin a ƙarshen wata ba. Ni ban ce lallai sai ta yi Wudil ba. In ka zo da hujja, ka ce ga inda masu ilimin tsirrai na waccan jami'a suke aiki, ga wane, ga wance, ga abin da za ta yi da shi, ita kuma ta ji ta gamsu, ni zan ɗaukar mata akwati zuwa tasha. Abin da ba zan iya zuba ido a kai ba shi ne a cinye mata shekarun ƙuruciyarta don a ji daɗin ambaton sunan makaranta a wurin ɗaurin aure.

Ka gaishe mini da Mama Hansai, ka ce mata Umma ta gode da atamfa, kuma daddawar da ta yi magana tana cikin buhun da Malam Isyaku zai sauke muku, tare da kuka da busasshiyar kuɓewa. Ina gaida Ikilima, ta yi haƙuri da na sa sunanta a faɗan da ba nata ba. Ina gaida Jamil da Yelwa, Allah ya ba su sa'ar karatu. Lukman yana gaishe ka. Baba da Umma ba su san na rubuta wannan ba, don haka ba zan yi ƙarya in ce sun ba ni gaisuwa in sa a ciki ba, kai ka san suna gaishe ka kullum. Juwairiyya ma ba ta sani ba. In akwai wanda za a yi fushi da shi, ni ne.

Abin da nake nema ɗaya ne. A gaban dangi ka ɗaure maganar, a gabansu za ka kwance ta. Ka koma guruf ɗin da muryarka, ba rubutu ba, don Gwaggo Indo da sauran tsofaffi su ji da kunnensu. Ka faɗi abin da aka ba Juwairiyya ta karanta, da sunansa. Ka faɗi aikin da kake hango mata da shi, in akwai. Sannan ka ce wa ƙaninka, kowa yana ji, ka mayar masa, a tambayi yarinya, duk inda ta zaɓa da yawunka. In kuwa kana ganin kai ne a kan daidai, to ka faɗi haka a wurin, ka gaya wa dangi dalilin da ya sa aka tambayi Ikilima ba a tambayi Juwairiyya ba. Ko wanne ka zaɓa, ka faɗe shi kafin wata ya ƙare, a inda kowa zai ji. Muna saurare, Baffa.

Wassalamu alaikum.

Ɗanka,
Garzali Labaran.